Sandar Giyar Motar Baba

Shekarar da na gama karatu na dawo gida Makarfi, aikina a duniya guda ɗaya ne, wato zama a kujerar gefen direba ina canza wa mahaifina giya. Shi ke riƙe da sitiyari, shi ke taka kuloci da birki da totur, ni kuwa hannuna na hagu yana kan sandar giya ina jiran umarni. In ya taka kuloci ya ce "Biyu," sai in ja. In ya ce "Uku," sai in tura. Mutum biyu muke tuƙa mota ɗaya, kuma in na yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, giya ta yi ƙara, sai ya juyo ya harare ni kamar na taka masa yatsa.

Motar ja ce, ko in ce a da ja ce, don rana ta ci ta har ta koma kalar busasshen tattasai. Ƙofa biyu gare ta, da dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa, in za ka shiga sai ka durƙusa kamar mai gaida surukai. Motar tsere ce ta zamanin da. Baba ya saye ta tun yana malamin gona, kafin a haife ni, a hannun wani Bature da ya gama aiki a Kaduna zai koma ƙasarsu. Kujerar baya ba ta ɗaukar kowa sai buta da darduma. Don titi mai santsi aka ƙera ta, amma Allah ya rubuta mata hanyar Gubuchi, inda gonar rakenmu take, kullum cikinta yana gurzar ƙasa. Mutanen gari suna ce mata kwaɗon Alhaji, shi kuma yana ji ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da goge ta da tsumma.

A gonar raken ce ya faɗi. Ana loda wa babbar mota, ya hau don ya nuna wa masu lodi abin da suka fi shi sani, santsi ya kwashe shi, ya sauko a kan kafaɗarsa ta dama. Mai ɗori ya ɗaure, aka daɗe ba a kwance ba. Da aka kwance, ƙashi ya haɗe amma kafaɗa ta ƙage. Gwiwar hannunsa ba ta iya rabuwa da haƙarƙarinsa sai kaɗan. Yana iya jan abu zuwa jikinsa, amma miƙa hannu gaba ya tura, wannan ya gagara. A asibiti a Zariya an ce ya riƙa zuwa gashi da motsa hannu, ya je sau ɗaya ya ce ba zai koma yara su riƙa murɗa shi ba. In zai ci tuwo, kansa yake kaiwa wajen hannun.

Yayyena maza suna Kaduna da Abuja, kuma ba su da rowar shawara a waya. Wannan ya ce a sayar da tsohuwar a sayi otomatik, mai canza giya da kanta. Wancan ya ce a ɗauki direba. Baba ya ce otomatik motar malalata ce, direba kuwa ba a haifi wanda zai zauna masa a kujera ba. Acaɓa ma ya ce ba zai rungumi bayan yaron da ya halarci sunansa ba. Ni ce auta, ni ce mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kirana da komai sai "uwata". Ni kaɗai ya taɓa koya wa motar, a filin ƙwallon firamare lokacin hutu, don ya ce mazan duk hannun garma gare su. To, da hannu ya ƙage, sai ya zama hannuna ne nasa.

Da farko abin dariya ne a wajena. In mun ratsa bakin kasuwa mata su riƙe haɓa, samari su yi ta leƙe, ni kuma in gyara mayafi in ɗaga kai. Amma Baba mutum ne da ba ya zama. Yau ta'aziyya a Ikara, gobe suna a Paki, jibi cinikin taki a Kudan, gona kuwa kusan kullum. In mun isa, shi ya shige zaure cikin maza, a yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya muka ji da haƙuri, ni kuwa in ba a san matan gidan ba sai in zauna cikin mota. Rufinta dab yake da kai, zafi ya taru a ciki kamar tanderun burodi, ba halin in miƙe ƙafa, ba halin in tafi. Bikin ƙawata ta makaranta a hoto na gan shi. Ko kitso na zauna, kunnena yana ƙofar gida, don ban san lokacin da za a yi hon ba. Ina ƙaunar mahaifina, amma na kai matsayin da in na ji ƙarar makullin motar a hannunsa sai raina ya ɓaci.

Ana cikin haka aka kira ni a waya daga wata makaranta a Kaduna, inda na taɓa zuwa neman aikin koyarwa. Suka ce sun ɗauke ni, in zo da buɗe sabon zango, in ban zo ba za su ba wani. Na faɗa wa Inna, mahaifiyata, a madafi. Ta yi hamdala, sannan ta kalli wajen da motar take. Baba kuwa a hanya na faɗa masa, muna fita daga gari. Muka wuce gidan mai. Sai ya taka kuloci ya ce, "Uku."

Bai hana ni ba, kuma na san ba zai hana ba. Amma na san abin da tafiyata take nufi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yawo daga wannan ƙauye zuwa wancan zai koma zaman tabarma a ƙofar gida, yana amsa gaisuwar masu wucewa. In na zauna kuwa, ni ce zan tsufa a wannan kujera. Duk inda na juya lissafin, sai ɗayanmu ya maƙale.

A waya na ci karo da dabarar. Ina ta bincike kan masu tuƙi da hannu ɗaya, sai na faɗa kan wasu Turawa masu irin tsofaffin motocin nan, suna rage wa sandar giya nisan tafiya don su riƙa canzawa da sauri a wajen tsere. Abin ba wuya a fahimta. Sandar tana da wani dunƙule a tsakiyarta, a kansa take juyawa. Sama da dunƙulen doguwa ce, nan hannu yake kamawa. Ƙasa da shi gajeriya ce, ita ke tura ƙarfen da ke shiga cikin giya. In aka ƙara wa ƙasan tsawo, hannu zai motsa kaɗan giya ta shiga. Na fita na auna da hannuna. Daga biyu zuwa uku ya fi taƙi guda, hannun Baba kuwa bai fi rabin haka yake iya zuwa ba. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Shawo kan Baba ne aiki. Mutumin da ko madubin motar ba ya yarda a gyara masa zama.

"A yanka mata ƙashi ke nan," in ji shi. "Ni an ɗaure nawa ya ƙage, yanzu ita ma za ki kai ta wajen mai ɗori."

"Baba, in aka yi, kai kaɗai za ka riƙa tuƙa abarka. Ba mai ɓata maka giya."

"Na ce kina ɓata mini?"

"Kullum kana faɗa."

Ya yi dariya ba da son ransa ba. Kwana biyu bai sake tayar da maganar ba. Da safiya ta uku muna shan koko ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaushe suka ce za a buɗe makarantar?" Na faɗa masa. Ya ajiye ludayi ya ce in ɗauko mayafina.

Bakaniken da ke duba motar tun ina ƙarama mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo Makarfi yana saurayi ya tsufa a nan, Hausa a bakinsa har ta fi tawa. Garejinsa inuwar darbejiya ce da tsohon benci da injin walda. Bayan sun gama gaisuwa da Baba, sun tambayi iyali da gona da hannu, na miƙa masa wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya sake kallo, ya girgiza kai.

"Turawa dai ba su da aikin yi. 'Yar Alhaji, wannan ai abu ne mai sauƙi. Alhaji, ka yarda?"

"An yarda mini," in ji Baba.

Bakanike ya cire fatar da ke rufe gindin sandar, ya kwance notuna, ya shiga ƙarƙashin motar ya saki ƙarfen ƙasa, ya zaro sandar gaba ɗaya. Ban taɓa ganin ta tsirara ba, wata lanƙwasasshiyar aba baƙa ƙirin da tsohon giris. Da ya ɗora mata zarto a ƙasan dunƙulen, Baba ya juya fuskarsa wajen titi, ya shiga jan carbi da hagu. Bakanike ya yanko guntun ƙarfe daga wani noti mai kauri, ya sa a tsakani ya yi walda, ya goge. Ya ɗaga mazaunin dunƙulen da wasu faya-fayan ƙarfe don kada ƙasan ya taɓa abin da ke ƙarƙashinsa. Sannan ya gasa saman sandar a wuta ya lanƙwaso ta wajen direba, yadda kanta zai zo daidai cinyar Baba. Sai bayan azahar aka gama mayarwa.

Bakaniken ne ya fara gwadawa. Ya zauna, ya taka kuloci, ƙas, ƙas, ƙas, ya zagaye giyoyin duka har ribas.

"Alhaji, kamar kunna fitila!" in ji shi.

Na shiga na gwada. Gaskiya tafiyar ta gajarta, da ƙyar hannu yake motsi giya ta faɗa. Na ji ta yi tauri fiye da da, na faɗa, ya ce sabuwar walda ce, in giris ya ratsa za ta saki. Ni ma haka na ɗauka. Shi mutum ne da ke ɗaga akwatin giya da hannu biyu ya aza a benci, ni kuma yarinya ce mai lafiyayyar kafaɗa da ta shafe watanni tana wannan aiki. Da hannuwanmu muka auna, muka ce ya yi. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa nisan da aka rage, ƙarfi ne zai biya shi. Baba ya shiga daga ƙarshe, ya ɗora tafinsa a kan sandar, ga ta nan dab da jikinsa, ba sai ya miƙa ba. Ya ɗan shafa ta ya ce, "Madalla." Ya ce kafaɗar ta gaji da zaman benci, in sa mana giya zuwa gida kamar kullum, gobe ya gwada.

Washegari na fito da mayafina, ya ce in koma.

"In kina gefe hannunki zai zo da kansa. Ni kaɗai zan je gona."

Na tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe a ciki kafin motar ta motsa, ban ga abin da yake yi ba saboda hasken rana a gilashi. Ta tashi a giya ta ɗaya. Kafin ya kai injin niƙan unguwarmu na ji ƙarar ta faɗi ta sake tashi, ya shiga ta biyu ke nan, da hannunsa, ba kowa a gefe. Ya sha kwana ya ɓace. Na ruga cikin gida ina kiran Inna kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Sai bayan la'asar ya dawo, da rake a kujerar baya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na tambaye shi yaya hanya. Ya ce, "Shirya kayanki, uwata." Na yi kuka a wajen, kukan murna, don ji na yi kamar an buɗe mini taga a ɗakin da hayaƙi ya cika. Na ga Inna ta ɗora ruwan zafi za ta gasa masa kafaɗa, amma da ma takan yi, ban kawo komai a raina ba.

Na tafi Kaduna. Na samu ɗaki, na samu aji, na samu yara masu surutun tsiya, na riƙa kwana ba na jiran hon ɗin kowa. In na kira gida, Baba ya ce yau ya je Ikara, jiya ya leƙa Paki. In ce, "Giya fa?" Ya ce, "Tana shiga." Ban taɓa jin daɗin rayuwata kamar wannan zangon ba.

Da aka yi hutun tsakiyar zango na zo gida kwana kaɗan. Abin da na fara gani a ƙofar gida shi ne wata sabuwar hanya. Sawun taya ya zagaye bishiyar mangwaron da ke gaban gidanmu, ya yi zobe, ciyawa ta mutu a wajen. A da Baba hancin motar yake sawa a rumfa, in za a fita a yi ribas. Motar ba ta nan. Na shiga na gaida Inna, muka taɓa hira, na tambaye ta wa ke zagaye mangwaro.

Ta ci gaba da tankaɗe ta ce, "Wa kuwa? Ai tun ranar da aka yi aikin nan bai sa ribas ba. Duk inda ya je sai ya nemi wajen da zai zagayo."

Kafin in ce wani abu na jiyo motar. Tun daga nesa, wajen injin niƙa, wani kuka mai tsawo da ba ya sauka, kamar an shaƙe akuya. Na san wannan ƙarar, ita ce wadda in na bari ta kai haka yake hararata. Na tsaya ina jira in ji ta faɗi ta shiga ta uku. Ba ta faɗi ba har ta iso ƙofar gida.

Inna ta ce ya hana a faɗa mini. In motar tana tsaye, yakan ƙetaro da hannun hagu ya danna ta ɗaya. In ta tashi, ya ja ta biyu da hannun dama, don ja zuwa jiki yana iyawa ko da cije baki. Daga nan shi ke nan. Ta uku turawa gaba take so, ga ta kusa, hannunsa yana kai, amma ƙarfin da take nema ba shi da shi, kuma ba halin ya saki sitiyari ana tafiya. Ribas kuwa sai an danna sandar an kai ta can gefe, ko da hagun ta gagara. A giya ta biyu yake zuwa Gubuchi, a ta biyu yake zuwa Ikara. Yakan fita tun da hantsi don ya riski abin da za a yi da azahar, ya tsaya a hanya inji ya huce. Masu keke suna wuce shi suna gaishe shi.

Na ji kamar in nutse. Na ji tausayi, na kuma ji haushi mai zafi, haushinsa da taurin kansa, da motar, da Turawan cikin waya. Na fita na tarar da shi yana fitowa daga motar da ƙyar, yana dafa ƙofa da hagu. Ya gan ni ya washe baki.

"Malama ta iso! Ina gajiya? Ina yaran?"

Na durƙusa na gaishe shi, na amsa duk tambayoyinsa. Sannan na ce gobe za mu koma gareji a mayar da sandar yadda take.

"A mayar in yi yaya? Waccan ba na kai mata, wannan ba na iya tura ta. Gara wannan, ko ba komai ina samun biyu."

"To a sayi otomatik, Baba, don Allah."

"Kin fara magana irin ta yayyenki."

"To zan bar aikin."

Ya dube ni sosai, fara'ar ta ɗauke. Ya ce kada in sake faɗar haka a gidansa. Ya wuce ciki yana kiran a kawo masa ruwan alwala.

Ana jibi zan koma ya ce zai je Kudan ganin wani tsohon abokin aikinsa da ba shi da lafiya. Ban tambaye shi ba, na ɗauki mayafi na buɗe ƙofar gefe na zauna. Bai ce in fita ba. Na ga yadda yake yi da idona: ya karkato jiki, ya kamo sandar da hagu, ya danna. Muka zagaye mangwaro. A wajen injin niƙa ya taka kuloci ya ja da dama, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Muka fita gari, muka hau titi, motar tana ta kururuwa, allurar zafi tana hawa a hankali, wani mai babur da buhunan tattasai ya wuce mu yana ɗaga hannu. Baba ya ɗaga masa kai, ya miƙe zaune kamar babu abin da ke faruwa.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan sandar ba. Shi ma bai dube ni ba, ƙafarsa ce kawai ta taka kuloci. Na tura. Sai da na sa kafaɗata kafin ta shiga, giris bai sakar mata komai ba, har wuyan hannuna ya amsa. Kukan ya ɗauke. Ya sake takawa, na ja ta huɗu. Motar ta kwanta a titi ta miƙe, iska ta cika ciki, gonakin rake suna wucewa ta gefe da gudu. Muka kamo mai babur ɗin nan muka bar shi a baya. Na saci kallon Baba, na ga yana murmushi shi kaɗai, ya ɗan tura hularsa baya. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba.

Ba mu yi nisa sosai ba na ji ya ɗaga ƙafa daga totur. Gudun ya yi ta raguwa, ga hanya fetal ba kowa. Ya taka kuloci.

"Biyu," in ji shi.

"Baba, hanya a buɗe take."

"Mayar da ita, uwata. Jibi za ki tafi. Kada ki sake saba mini."

Na mayar da ita ta biyu, na janye hannuna na sa a cinya. Kukan injin ya dawo. Can sai ga mai babur ya sake wuce mu, ya ɗaga hannu, Baba ya ɗaga masa kai. Haka muka shiga Kudan, yana duba gefen hanya yana neman wajen da zai iya zagayowa.